Tarihin Ƙwaya a Garwa, da Yadda Haɗi Yake Kisa

A shekara ta 2013 wani labari ya fito daga Faransa wanda ya faranta wa masanan magunguna rai. Wani masani mai suna Michel De Waard, da abokan aikinsa na birnin Grenoble da na Kamaru, suka ce sun sami maganin ciwon nan da ake kira tiramadol a cikin saiwar tafashiya. An haƙo saiwar ne a gandun dajin Binuwai, kudu da Garwa. Abin ya ba da mamaki ƙwarai, gama tiramadol magani ne da ake yi a masana'anta, ba a taɓa jin itace ya yi shi da kansa ba. Tsofaffi kuwa sun daɗe suna jiƙa saiwar tafashiya domin zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon jiki. Saboda haka mutane da yawa suka ce, to, ga asirin maganin kakanni ya fito fili.

Murnar ba ta daɗe ba. A shekara ta 2014 wani masani na birnin Dortmund a Jamus, Michael Spiteller, shi da nasa abokan aiki, suka sake bin sawun maganar. Suka tarar akwai ɗan tiramadol a saiwoyin da aka haƙo a arewacin Kamaru, amma babu ko kaɗan a na kudu. Suka same shi kuma a saiwoyin waɗansu itatuwa dabam, da cikin ƙasa, da cikin ruwa. Da suka tambayi manoma, sai manoma suka faɗa musu gaskiya. Suna shan ƙwayar domin su jure wa aikin gona cikin rana, suna kuma ba shanun garma domin kada su gaji. Shanun sukan huta a inuwar itace, su yi fitsari a gindinsa, saiwa ta tsotse. Masanan biyu suka yi gardama a rubuce, amma gwajin da aka yi daga baya ya nuna tiramadol ɗin da ke cikin ƙasar na masana'anta ne.

Wannan shi ne awon da ya fi kowane awo nuna yadda ƙwaya ta shiga arewacin Kamaru, wato ta yi yawa har ƙasa da ruwa sun ɗauka. Yana da kyau mai karatu ya san yadda aka kai ga haka, domin a cikin tarihin nan ne za a ga abin da yake kashe samari, da abin da zai iya fid da su.

GARWA, GARIN HANYA

Garwa tana bakin kogin Binuwai. Fulani ne suka kafa sarautarta a farkon ƙarni na 19, a zamanin Modibbo Adama wanda ya zauna a Yola, tun lokacin kuwa fatake Hausawa da Barebari suke zuwa da kaya, waɗansu har suka zauna suka yi unguwanni. Jamusawa suka ci garin a 1901. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da na Faransa suka karɓe shi daga hannunsu, ya zama ƙarƙashin Faransa har zuwa mulkin kai a 1960. Shugaban ƙasa na fari, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne, a zamaninsa kuma garin ya girma ƙwarai. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, hedkwatarsa tana Garwa, shi ne kuma ya ci gaba da ƙarfafa manoma su yi huɗa da garmar shanu.

Abin lura a nan shi ne hanya. Daga Garwa zuwa Yola tafiya ce kaɗan, ta ruwa da damina, ta tudu da rani. Iyakar Nijeriya doguwa ce, daga Adamawa har Tafkin Cadi, kuma dangi suna zaune a kowane gefe nata. Hanyar da ta kawo goro da gishiri da tufa a dā, ita ce daga baya ta kawo man fetur ɗin nan da ake sayarwa a kwalba wanda mutanen Garwa suke kira zuwa-zuwa. Ita ce kuma ta kawo kwalin magani. Duk abin da ya shiga kasuwar Kano ko ta Onica ko ta Mubi, ba ya daɗewa sai a gan shi a Garwa da Marwa da Kusiri.

ABIN DA AKA SANI KAFIN ƘWAYA

Mutanen ƙasar nan ba baƙin abin sa maye ko abin ƙara kuzari ba ne. Akwai goro, akwai taba ta sha da ta gari. A ƙauyuka da unguwannin da ake dafa giyar dawa, wadda ake kira bilbil, ana shanta a ranar kasuwa da ranar gayya da wurin makoki. Akwai arki, wato barasa mai ƙarfi da ake tatsa a gida. Akwai zaƙami, wanda kowa ya san yana juya hankali. Amma waɗannan abubuwa suna da lokacinsu da wurinsu, ana shansu a gaban jama'a, manya kuma sun san alamar wanda ya wuce kima. In mutum ya bugu da bilbil, tsohuwar da ta sayar masa ta san ƙwarya nawa ya sha.

Ƙwaya ta bambanta da waɗannan. Ba ta da wari, ba ta bukatar ƙwarya, ana haɗiye ta a ɓoye. Tun a shekarun 1970 an san ƙwayoyin hana barci a arewacin Nijeriya, a wurin direbobin manyan motoci da leburori da manoma. Mai shansu ba nishaɗi yake nema ba, ƙarfin aiki yake nema. In dare ya yi barci ya ƙi zuwa, sai ya nemi wata ƙwayar da za ta kwantar da shi. Diyazefam, wanda kamfanin Roche ya fitar a 1963 da sunan Valium, shi ne ya fi yin wannan aiki. Ta haka al'adar haɗi ta fara, ƙwaya ɗaya domin tashi, ɗaya domin kwanciya.

SHEKARUN WUYA

Daga wajen 1986 tattalin arzikin Kamaru ya shiga wahala, gama farashin man fetur da koko da kofi da auduga ya faɗi a kasuwar duniya. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka yarda marasa lafiya su riƙa biyan wani abu domin magani a ƙananan asibitoci. A 1993 aka rage albashin ma'aikatan gwamnatin Kamaru har sau biyu. Sa'an nan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Da yake kusan dukan magani daga waje ake kawo shi, kantin magani na gaskiya ya fi ƙarfin talaka.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Masu sayar da magani a tebur da a faranti da a bayan keke suka cika kasuwanni da tashoshin mota. A wurinsu ba a bukatar takardar likita, kuma ana iya sayen ƙwaya ɗaya ko biyu gwargwadon kuɗin hannu. A shekarun nan ne kuma samarin da suka rasa aiki suka rungumi sana'ar acaɓa. Yaro zai hau babur tun asuba, ya yi ta zirga-zirga daga Yelwa zuwa Jambutu, daga Rumde Ajiya zuwa babbar kasuwa, a garin da zafi yakan wuce awo 40 a watan Maris da Afrilu, da yamma kuma dole ya kai wa mai babur kuɗinsa. Gwamnati ta yi dokar hana miyagun ƙwayoyi a watan Agusta na 1997, amma kasuwar tebur ta riga ta kafu. Ba abin da ya rage sai ƙwayar da za ta dace da gajiyar mutanen nan.

ZUWAN TIRAMOL

Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya harhaɗa tiramadol a 1962, ya fara sayar da shi a 1977 da sunan Tramal. Dangin mofin ne da kodin, amma ya fi mofin rauni, saboda haka aka daɗe ana ɗaukarsa magani mai sauƙin hatsari. Ba a sa shi cikin jerin magungunan da yarjejeniyar duniya ta 1961 take tsarewa ba. Sa'ad da kamfanoni da yawa suka sami damar yinsa, musamman a Indiya, sai ya yi araha ƙwarai, ya riƙa shigowa Afirka ta Yamma cikin kwantena ta tashoshin jiragen ruwa irin su Kwatano da Lome da Legas, daga can ya bi hanyar tudu zuwa arewa. A bakin jama'a sunansa ya zama tiramol.

Likita yakan ba da miligiram 50 ko 100 a lokaci ɗaya, ba ya kuma wuce 400 a yini ga babban mutum. Amma wanda aka yi domin kasuwar tebur yakan zo da 120, ko 200, ko 225, har 250 a ƙwaya guda. Wato ƙwaya biyu kaɗai na 225 ko 250 sun wuce abin da likita zai yarda a sha daga safe zuwa dare. Waɗansu kuwa sukan zuba da yawa a cikin shayi ko kofi su sha tare da abokai.

Dalilin da ya sa ya karɓu shi ne yana aiki iri biyu. Yana kashe zafin ciwo kamar sauran danginsa, yana kuma ɗaga waɗansu sinadarai na ƙwaƙwalwa da suke sa mutum ya ji kuzari. Ɗan acaɓa da manomin auduga da mai dako da mai haƙar yashi a bakin Binuwai duka suka ga kamar sun sami abokin aiki. A watan Oktoba na 2016 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta buga dogon labari daga Garwa a kan yadda ƙwayar ta game gari, tun daga masu babur har shanun noma. A watan Disamba na 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce tiramadol da ake kamawa kowace shekara a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 zuwa fiye da tan 3 tun daga 2013. Ofishin ya kuma ce ana samun ƙwayar a hannun mayaƙan Boko Haram.

YADDA HAƊI YAKE KISA

Mutum ba ya tuna wa kansa ya yi numfashi. Akwai wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa da yake lura da wannan aiki dare da rana, ko mutum yana barci. In iska mai kyau ta ragu a jini, wurin nan yakan ba huhu umarni ya ƙara ja. Tiramadol da kodin da dukan danginsu suna rage kaifin wurin nan. Barasa ma tana danne ƙwaƙwalwa, diyazefam da Rohypnol, wanda samari suke kira roci, su ma haka, amma ta wata ƙofa dabam. In aka sha ɗaya kaɗai, sau da yawa jiki yakan jure. In aka haɗa biyu ko uku, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Numfashi ya yi ta raguwa, mutum yana barci bai sani ba, har ya tsaya. Wani kuwa amai ne zai taso masa yana kwance rigingine, ya koma cikin huhu ya shaƙe shi.

Abin da ya faru a Garwa shi ne tsohon abin sha da sabuwar ƙwaya sun gamu a ciki ɗaya. Saurayi ya sha tiramol da safe domin aiki, ya ƙara da rana, da yamma ya zauna wurin bilbil ko ya sayi wuski na leda, da dare ya haɗiyi diyazefam domin barci. Shi a ganinsa abu huɗu ya sha a lokaci huɗu. Amma na safe bai gama fita daga jini ba na dare ya same shi. Wuskin ledan nan gwamnatin Kamaru ta ba da umarnin hana shi a 2014, sai dai an yi ta ɗaga wa masu yinsa wa'adi.

Tiramadol yana da wani hatsari nasa na kansa, wato jijjiga irin ta farfaɗiya. Tana iya kama wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba, tana kuma iya kama shi a kan babur da fasinja a bayansa. Haɗa shi da waɗansu magungunan ciwon damuwa yana ƙara wannan hatsari, yana kuma iya kawo zazzaɓi mai zafi da rawar jiki da ruɗewa. Har wa yau, hanta ce take juya tiramadol ya zama wani sinadari da ya fi shi ƙarfi, hantar mutane kuwa ba ɗaya ba ce. Ta wani tana juyawa da sauri, ta wani a hankali. Shi ya sa abokai biyu za su sha daidai wa daida, ɗaya ya tashi, ɗaya ya kwana ke nan.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata iyaye su sani. Wanda ya saba sha, jikinsa yakan jure da yawa. In ya daina na 'yan makonni, ko don an tsare shi a kurkuku, ko don ya kwanta asibiti, ko don ya yi niyyar tuba ya bari, jurewar nan takan tafi. Ranar da ya koma ya sha adadin da ya saba a dā, adadin nan zai iya kashe shi. Saboda haka makonnin fari bayan fitowa daga kurkuku ko daga wurin jiyya su ne mafi hatsari, a daidai lokacin da gida yake murna yaro ya shiryu.

HANI, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Ƙasashe sun yi ƙoƙarin toshe hanya. Masar ta tsananta dokarta a kan tiramadol a 2012. A watan Afrilu na 2018 Indiya ta sa shi ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi. A watan Mayu na shekarar nan Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya nuna yadda ake sayar da shi ta bayan gida. Wani bincike da aka yi a Nijeriya ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha magungunan ciwo irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda. Duk da haka masanan Hukumar Lafiya ta Duniya, da suka duba maganar a 2018, ba su ba da shawara a sa tiramadol cikin jerin duniya ba. Dalilinsu shi ne a ƙasashe da yawa inda mofin yake da wuyar samu, shi ne abin da mai ciwon daji da mai sikila da wanda aka yi wa tiyata suke dogara gare shi. Wannan ma gaskiya ce da ba za a ture ba.

Bayan hanin Indiya tiramol ya yi tsada, amma gajiyar masu shansa ba ta ragu ba. Masu fatauci suka nemi wani abu. A watan Fabrairu na 2025 BBC ta nuna yadda wani kamfani na birnin Mumbai yake aiko wa Afirka ta Yamma ƙwayoyi masu suna irin su Tafrodol, waɗanda aka haɗa magani biyu a ciki: tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da karisofrodol, mai saki jijiyoyi da sa barci. Babu ƙasar da ta yarda da wannan haɗi a matsayin magani. Gwamnatin Indiya ta hana shi a watan nan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, gama a dā mai sha ne yake haɗawa da hannunsa, a wannan karo kuwa an haɗa masa tun daga masana'anta. Darasin shi ne, abin da aka rubuta a bayan kwalin tebur ba shaida ba ne a kan abin da yake ciki. Wanda ya haɗiyi ƙwaya guda yana iya zama ya riga ya sha biyu.

MAGANIN DA YAKE KOMO DA NUMFASHI

Akwai wani gefen tarihin nan mai ba da bege. A 1961 waɗansu masana biyu a Amurka, Jack Fishman da Mozes Lewenstein, suka nemi rajistar wani magani mai suna nalokson, aka yarda da shi a can a 1971. Aikinsa shi ne ya ture tiramadol ko kodin ko mofin daga inda suka manne a ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci numfashi ya komo. Ba ya sa maye, ba ya kuma cutar da wanda bai sha irin waɗannan ƙwayoyi ba.

Shekaru da yawa nalokson yana kulle a ɗakin tiyata. Amma mutane ba a ɗakin tiyata suke mutuwa ba, a ɗakin kwana suke mutuwa da bayan kasuwa, sau da yawa kuma akwai wani a kusa. A 1996 wata ƙungiya a birnin Shikago ta fara ba masu shan ƙwaya da abokansu nalokson su riƙe. A 2011 Sikotilan ta mai da wannan shirin ƙasa duka. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa duk wanda mai yiwuwa ne ya tarar da irin wannan hatsari, a ba shi maganin, a koya masa yadda ake amfani da shi. Hukumar ta ƙiyasta mutum wajen 125,000 ne suka mutu a duniya a 2019 saboda irin waɗannan ƙwayoyi sun yi musu yawa.

Sai dai nalokson yana da iyaka, musamman ga mai haɗi. Ba ya karya barasa, ba ya karya diyazefam, ba ya tsai da jijjigar tiramadol. Ƙarfinsa kuma yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, tun ƙwayar ba ta bar jini ba, har mutum ya sake suma. Saboda haka ko an yi wa mutum allurarsa ya farka, asibiti ne wurin zuwa. Kwamitocin da suke lura da ƙananan asibitocin ikkilisiya da na unguwa za su yi aikin kirki in sun tambaya ko akwai shi a ma'ajinsu, ko kuma ma'aikacin dare ya san yadda ake ba da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA NA KUSA ZAI YI

Alamun da za a duba su ne waɗannan. An kira mutum da ƙarfi, an girgiza shi, an murza ƙashin ƙirjinsa da ƙullin hannu, bai farka ba. Numfashinsa yana zuwa a hankali ƙwarai, ko yana tsayawa yana komowa. Yana wani irin minshari mai kama da kakari. Leɓunansa da dasashi da farce sun yi toka-toka. Baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi, ko da yake ga mai haɗi wannan alama ba kullum take fitowa ba. Minsharin nan ya ruɗi gidaje da yawa, aka ce a bar shi barci yake yi, da safe aka tarar da gawa.

In an ga haka, a nemi mota ko duk abin da zai kai shi asibiti nan da nan. Kafin a samu, in yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a lanƙwasa gwiwar sama, fuska ta ɗan dubi ƙasa, domin in amai ya zo ya fita waje. In numfashi ya tsaya ko ya kusa tsayawa, a kwantar da shi rigingine, a share bakinsa, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau ɗaya kowace daƙiƙa biyar, ana duban ƙirjinsa yana tashi. In jijjiga ce ta kama shi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa tufa a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja ko kofi ko ruwan gishiri, gama huhu za su tafi. Kada a bar shi shi kaɗai ko na minti kaɗan. A ɗauki kwalin ƙwayar da ledar abin da ya sha a tafi da su, a faɗa wa ma'aikacin asibiti dukan abin da aka sani.

Ga wanda bai iya dainawa ba tukuna, akwai abin da za a faɗa masa ban da faɗa. Kada ya haɗa ƙwaya da giya. Kada ya ɗora ƙwayar barci a kan tiramol. Kada ya sha a ɗakin da ya kulle shi kaɗai. Kada ya hau babur. In ya yi kwanaki bai sha ba, ya sani jikinsa ba na dā ba ne. Wanda kuma ya daɗe a kan diyazefam ko barasa mai yawa, kada ya yanke a rana ɗaya, gama yankewar gaggawa ma tana kawo jijjiga. Ma'aikacin lafiya ne zai rage masa sannu a hankali. Faɗin waɗannan abubuwa ba goyon bayan sha ba ne. Mai rai ne kaɗai yake da zarafin dainawa.

KUNYA

Abin da ya fi jinkirta taimako a gidaje da yawa shi ne kunya. Ikkilisiyoyi da masallatai na ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗi a kan maye, gargaɗin kuwa daidai ne. Amma a gidan dattijon ikkilisiya, ko na malami, ko na shugabar zumuntar mata, in aka tarar da yaro a sume, tunanin fari yakan zama abin da mutane za su ce. Sai a ja labule, a yayyafa masa ruwa, a jira gari ya waye. Abokansa kuma sukan gudu domin tsoron 'yan sanda. In an kai shi asibiti ma, sai a ce zazzaɓi ne ko iska, ma'aikaci ya ɓata lokaci yana neman ciwon da babu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska takan fara lalacewa cikin 'yan mintoci, sa'o'in da ake jira har asuba kuwa sun fi ƙarfinta.

Daga ƙwayar hana barci ta shekarun 1970, zuwa tiramol, zuwa Tafrodol, sunan ƙwaya ya yi ta sakewa, mai yiwuwa kuma zai sake. Tsare iyaka da kama kwantena aikin hukuma ne. Amma a daren da numfashin saurayi ya fara raguwa a wani ɗaki a Garwa ko Gidar ko Fitowa, wanda yake kusa da shi uwarsa ce, ko matarsa, ko ƙanensa, ko ɗan acaɓan da suke tashi tare. Su ne ya kamata a koya wa bambancin barci da suma, da yadda ake juya mutum a gefensa, da hanyar asibiti mafi kusa.